Ƙurar Duza Cikin Kwamfutata

Sagir,

Na tarar kana barci. Ban tashe ka ba don kada Inna ta ji abin da bakina zai faɗa.

Kwamfutata ta ƙi tashi. Na danna har yatsana ya gaji, na cire batir na mayar, na sa mata caja, ko ɗan hasken nan bai kawo ba. Da na kife ta na hura ramin fanka, sai ga ƙura ta zubo bisa tabarma. Ƙurar dutsen zinari ce, na san ta. Kada ka soma yi mini rantse-rantse. Auwalu mai mashin ya gaya mini shi ya kai ka Duza wurin masu haƙar zinari da ita, ka aza ta gefen injin niƙan dutse kana nuna wa abokanka fim.

Sakamakon jarrabawar ɗalibaina na ciki, hedimasta na jira. Wannan ma da sauƙi. Bisa tabarmar nan ɗiyata Hure take rarrafe, komi ta samu sai baki. Har ka manta yaran da gubar dalmar da ke cikin ƙurar nan ta kashe a ƙauyukan nan?

Na fitar da tabarmar, na wanke ɗakin, na wuce makaranta. In ka tashi ka ɗaure kwamfutar cikin leda, ka kai wa mai gyaran bakin tasha. Kada ka buɗe ta cikin gidan nan.

In ta mutu, ta mutu, kwamfuta ce. Amma in ka sake dawowa daga Duza ka ɗauki Hure ba ka yi wanka ba, wallahi ka nemi wata yayar.

Zuhura