Na tafi da tef ɗinka da murafen tukwane

Maigida,

Na fita kana barci, ban so in tashe ka ba. Motar taron horar da malaman lissafi ba ta jiran kowa.

Kada ka birkice ɗaki neman tef ɗin awonka, yana cikin jakata. Murafen tukwane ma ni na kwashe. Da su zan nuna yadda ɗalibaina ke auna kewayen da'ira da hannunsu, maimakon haddar da ba sa ganewa. In darasin ya burge masu taron, za su saka ni cikin malaman da za su yi binciken hanyoyin koyarwa bana. Ka yi haƙuri, na san akwai mai zuwa awon riga yau. Ka ari na maƙwabcinka a shago.

Abinci na kan murhu, da faranti na rufe.

Jiya da nake gwaji kai kaɗai ne ɗalibina, kana ta hamma, amma ba ka tashi ba sai da na gama. In gabana ya faɗi a gabansu, kai zan tuna. Ka sa ni a addu'a.

Taka,
ɓarauniyar tef