Anzar Gamanar Iya

Zuwa ga Iya,

Bayan gaisuwa irin wadda na saba yi miki a durƙushe, da roƙon Allah ya yalwata miki makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko kina da rai ma ba karantawa za ki yi ba, jujjuya ta za ki yi ki ce a ajiye miki, ta yi daidai da ƙunshe kanwa. Amma shekara goma sha uku ina surukarki a gida ɗaya, ban taɓa ɗaga ido na yi miki magana mai tsawo ba. Yau ajin nan huɗu da na yi a lakwal, makarantar boko, a Birni, waɗanda kike cewa ko hura wuta ba su koya mini ba, sun yi mini rana. A gaban takarda kunya ba ta kama ni.

Bari in fara da labarin gida. Fari ya dawo, Iya. Kin ga farkonsa kafin ki kwanta ciwo, lokacin da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Abin da muka tsinta bai fitar da mu sanyi ba. Tafkin gabas ya tsattsage, koramar da mutanen Dogo ke noman rake ta janye, sai an bi ta da tono. Shamuwa ta iso tun sati uku, ta gyara sheƙarta a kan tsamiyar masallaci, amma har yau sama fes take, ko gajimare babu. Gidaje da yawa sun toshe ƙofa da ƙaya sun yi kudu. Takwararki Uwani ta kamo ni a tsayi, ƙannenta biyu suna lafiya. Akuyarki mai yagaggen kunne tana nan da ranta da rashin kunyarta, jiya ma ta cinye mini faifai.

A duk karkarar nan, in mutum ya hau tudu ya duba, wuri ɗaya ne idonsa zai sauka a kan kore, wato gamanarki. Kin tuna dariyar da aka sha yi miki a kanta? 'Yar gona ce marigayi Baba ya yanka miki don ki noma gyaɗarki da kuɓewarki kamar kowace mace, ke kuma kika hana a sa mata gatari. In lokacin sassabe ya yi, maza na sare duk tohon da ya fito a kututture su tara su ƙone. Ke kuwa sai ki bi naki da 'yar wuƙa, ki rage rassan ki bar biyu masu ƙarfi, ki ɗaura musu tsumma don kada 'ya'yanki su yi kuskure. Aka ce Iya ta bar noman gyaɗa ta koma noman itace. A hankali kalgo da sabara da magarya suka tashi, aduwa da gawo suka yi musu rumfa, anza ta cike tsakani, har gamanar ta haɗe da jejin tudu da ba mai nomawa. Ta zama daji sosai, in ka shiga ba a hango ka daga hanya.

Ni da aka kawo ni ban san ko ɗaya a cikinsu ba. 'Yar baduku ce ni, na tashi a lungunan Birni cikin rairayi da warin fata, itacen da na sani shi ne wanda ake kawowa a ɗaure a kan jaki. Ranar da kika fara shiga da ni na ga damo a kan reshe, na yar da ƙwarya na kwasa da gudu ina cewa kada ne. Kin yi dariya har sai da kika zauna a ƙasa. Ban taɓa gaya miki ba, amma ranar na ji haushinki ƙwarai, na kuma ƙudurta ba ni ba dajin nan.

Yunwa ce ta mayar da ni. Farin farko ya same ni ina shekara uku da aure, Uwani tana da biyu. Ɗanki da ƙaninsa suka tafi kudu neman abin da za su aiko, aka bar mu mu uku da rumbu wayam. Kullum da sassafe ki sa ni a gaba. Kika nuna mini ganyen jiga da yadda ake dafa shi a matse, kika hana ni dukan magarya da sanda tun ba ta nuna ba, kika koya mini daka ta a fitar da gari mai zaƙi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rufe baki, don ni da surutu aka haife ni. Sai da na iya shiru na fara ganin masu dajin. Zomo na kwance a gindin sabara ina wuce shi kullum ban sani ba. Fakara ta ratsa da 'yan uwanta a guje, yanyawa ta leƙo daga rami da kunnuwan nan nata da suka fi kanta girma. Sau ɗaya muka yi kiciɓis da barewa, ta tsaya tana kallonmu, haƙarƙarinta a waje kamar namu. Kika riƙe mini hannu har ta wuce. A iya sanina ranar ce kaɗai hannunki ya taɓa nawa ba don miƙa wani abu ba.

A shekarar da muke ɓata rabin yini a bakin rijiya, sai in ga kin ɗebi ludayi biyu daga tulunmu kin kai gindin gawo kin zuba wa tsuntsaye a fasasshen kasko. A raina na ce tsufa ne ya fara taɓa ki. Kurciyoyi suka fara zuwa, daga baya zabin daji suka saba da wurin.

Amma anza ce ta riƙe mu. Fari bai dame ta ba, dabba ma ba ta cika kula ta ba saboda ɗaci. Mu tsinko 'ya'yan mu shanya, mu fitar da ƙwayar mu jiƙa. Ƙa'idar sau ɗaya kika faɗa mini, ba ki maimaita ba. Kwana bakwai, kullum a zubar da ruwan a sa sabo, kuma ba a ɗora tukunya sai an tauna ƙwaya an ji ɗacin ya fita sarai. A lokacin ne ta zama dilo, a dafa da ɗan gishiri a ci kamar wake.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da kika tafi gaisuwar mutuwa ƙauyen 'yar'uwarki, dilon da muke ci ya ƙare, jiƙon da ke cikin randa kuma kwanansa uku ne. Uwani tana ta kuka tun safe, irin kukan da ba hawaye. Na tauna ƙwaya na ji ɗaci har maƙogwaro, amma na ce wa kaina kwana bakwai ɗin nan son wahala ne irin na mutanen ƙauye, wuta za ta kashe sauran. Gaskiyar magana kuma na gaji da rijiya, a cikin kwana ukun sau ɗaya na sake ruwan. Na tsame na dafa, na murƙushe, na rufe ɗacin da garin magarya, na ɗura wa yarinya.

Kin dawo da la'asar kin tarar da ita tana amai da zawo, ido ya faɗa, wuya ya saki. Kika lakato tukunya kika kai baki. Kika dube ni, ni kuwa ina kallon ƙasa. Ba ki ce mini komai ba, ranar ko bayanta. Kika dafa sabara kika ba ta, da abin ya ƙi tsayawa kika goya ta da kanki kika taka har likita a Dogo, ina binki a baya da buta. Kwana biyar ba mu san ko za ta tashi ba.

Da muka dawo matan gari suka cika gida suna tambayar yadda aka yi. Na san abin da suke jira su ji, dama sun daɗe suna cewa 'yar Birni ba za ta iya riƙe gida ba. Ina tsugune a bayan danga na ji kin ce musu ke kika tauna kafin ki fita, harshenki ne ya tsufa ya ruɗe ki, ke kika ce mini in ɗora. Ke da duk macen da ta jiƙa anza a garin nan take kawo miki ki ɗanɗana mata. Daga ranar ba wadda ta sake kawowa. Me ya sa kika yi haka, Iya? Me na taɓa yi miki ban da gunaguni a zuci?

Zabin dajinki ne suka mayar wa Uwani da kumatu. Da ɗan ruwa ya sauka suka yi ƙwai a cikin gamanar, kika riƙa ɗebowa da ludayi don kada uwar ta ji warin hannu ta ƙaurace, kuma ba ki taɓa kwashewa duka ba. Wata tsohuwa ta ce miki yaron da ke cin ƙwai ɓarawo yake zama, kika ce kin yarda, a ba ki ɓarauniyarki da rai.

Ɗanki ya dawo, aka tare shi da labarin tun daga bakin gari. Kin san shi da yarinyar nan. Bai ɗaga miki murya ba, ba haka kika rene shi ba, amma ya ce kada anza ta sake shiga gidansa. Gaisuwar safe bai fasa ba, zanen salla bai fasa ba. Abin da ya daina shi ne zaman da yake yi a ƙofar ɗakinki in ya dawo gona, yana ɓare miki gyaɗa kuna hira. Shekara goma ina ganin kin shimfiɗa tabarma a wurin da yamma, kin naɗe ta da magariba. Sau nawa na buɗe baki na rufe? Da farko tsoron saki ne ya hana ni. Da na samu gindin zama kuma sai kunya, kullum ina cewa gobe, har aka ɗauke ki.

Kwana tara da suka wuce masu sayen itace suka zo daga Damagaram da kamyo, babbar motar kaya. Jejin tudu sun share shi tun watan jiya, gamanarki kaɗai ta rage. Suka ce gero za su bayar. Ɗanki da ƙaninsa suka amince, ban ga laifinsu ba, ga yara a gidajen biyu. Na ce wa ɗanki geron zai ƙare kafin a yi shuka, dajin kuwa kullum yana ba mu wani abu, ga anza ta yi 'ya'ya bana jingim. Ya ce in daina ambata masa abin da ya kusa kashe masa 'ya, da ba don darajar uwa ba da tuni ya sa wa wurin wuta. Ya ɗauko gatari ya zauna yana wasawa.

A nan na faɗa masa. Ban zaɓi wuri ba, ƙaninsa na tsaye, Uwani na bakin murhu tana ji. Na ce anza ba ta da laifi, uwarsa ba ta da laifi. Na faɗi kwana ukun, na faɗi ruwan da ban sake ba, na faɗi garin magarya, na faɗi abin da na ji daga bayan danga. Na sunkuyar da kai ina jiran duk abin da zai biyo baya. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai ko kin taɓa yi mini kukan ya daina zama wurinki. Na ce ko sau ɗaya. Ya jingine gatarin ya fita. Uwani ta ce ta hango shi ya nufi maƙabarta. Da masu kamyo suka dawo washegari, shi da kansa ya ce musu su nemi wani wurin.

Dajinki yana tsaye, Iya. Na bi gida gida na gaya wa matan da suka rage cewa harshenki bai taɓa ruɗuwa ba. Wasu sun zage ni, na kuwa cancanta, amma yanzu da safe tare muke shiga tsinkar anza, ina hana su karya rassa da irin muryarki. Na gode miki da kika bar itatuwan nan ana yi miki dariya. Na gode da kika koya wa mai taurin kai abin da yau take ciyar da jikokinki da shi. Na gode da Uwani, wadda ni na kusa kashewa ke kika goyo.

Tun ranar ɗanki bai yi mini magana ba. A ranar na jiƙa anza a tsakar gida inda zai gani, na sake ruwan kullum har bakwai, shekaranjiya na dafa na zuba masa a akushi. Ya cinye. Ban san ko zan ga damina a gidan nan ba. Ni na sauke kayana, shi kuwa na ɗora masa wanda ba shi da inda zai sauke, kullum da yamma yana can wajen kabarinki. In ya mayar da ni Birni bai zalunce ni ba.

Shi ki yafe masa, bai sani ba. Ni ce na sani. Kin ba da ɗan cikinki kin fanshi 'yar mutane, ni kuma na karɓa na yi shiru shekara goma. Ki yafe mini, Iya. Allah ya jiƙan ki, ya sa ki a inuwa, sai mun zo.

Surukarki,
uwar takwararki