Inda Chris Ya Tsaya

Gumel, Afrilu 1996

Zuwa ga Mama Jane,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba in ba a aji ba. Ni ce Lauratu 'yar Malam Ɗantsoho, ta gidan da ke bayan naku, ƙawar 'yarki Lovelyn. Ina gaishe ki, ina gaida Baba Elias. Ya haƙuri?

Da aka ba mu hutu na biyo ta gidanku tun kafin in shiga namu, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Inna ce ta zaunar da ni ta ce sanƙarau ya tafi da ɗanki Chris tun watan jiya, kuma kun koma Kafanchan. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa.

Mama, gem ɗinsa, abin wasan nan na hannu mai gilashi da batir, yana hannuna, wanda Baba Elias ya saya masa wurin 'yan gwanjo a kasuwar Maigatari. Kin sha korar mu daga barandarki saboda shi, amma ba na jin kin taɓa duba cikinsa. Rubutun na Japan ne, babu mai iya karantawa, sai Chris ya riƙa ƙirƙiro mana labarin. Wai wani sarki ya sace ruwan sama ya kulle a hasumiya, mutum uku suka tafi ƙwatowa. Mai takobi nasa ne, mai baka ta Lovelyn, mai sanda da ke ƙara wa mutane jini tawa. In faɗa ya tashi ba a gaggawa. Kowa sai layinsa ya zo ya zaɓa, ko sara, ko kariya, ko magani, ko gudu. Shi ya sa muke miƙa shi hannu zuwa hannu. Ya ara mini da zan koma makarantar kwana. Yaya kike so in yi da shi?

Ki huta lafiya.
'Yarki, Lauratu

Kafanchan, Mayu 1996

Lauratu,

Mun ga wasiƙa. Mama ba ta iya kai ƙarshenta ba, ni zan ba ki amsa.

Yanzu kike tambayar yadda za ki yi da shi? Da yana kwance a asibiti, kafin ya daina gane mu, gem ɗin yake ta tambaya. Papa ya bar aikinsa na duba shanu ya je har tashar Gagarawa, ya sami Kawunki Sajo direba, ya roƙe shi ya karɓo a makarantarku. Kawunki ya dawo ya ce wai kin ce sai hutu. Sai hutu, Lauratu! Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin sai Chris ya duba hannunsa.

Ki aiko mini. Kada ki taɓa komai a ciki. A ƙofar hasumiya ya yi ajiyarsa ta ƙarshe, wato ya adana wasan a inda ya kai, ina zaune kusa da shi. Tufafinsa Mama ta rabar a coci, littattafansa an ba makaranta. Wannan kaɗai ya rage yadda ya bar shi, kuma ina so in gan shi tsaye a wurin.

Ki gaida Inna.
Lovelyn

Gumel, Mayu 1996

Ƙawata Lovelyn,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na karanta wasiƙarki a bayan rumbu don kada a gan ni.

Wallahi ban san yana asibiti ba. Kawu ya zo mini da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, muna tsaye a bakin get ya ce, "Yaron gidan likitan shanu ya ɗan kwanta, amma da sauƙi. Wai in kin gama da abin wasansa." Na ce, "Kawu, jikin ya yi tsanani ne?" Ya ce, "Haba, zazzaɓi ne. Ke dai ki yi jarrabawarki." Shi ne na ce to a bari sai hutu in kawo da kaina.

Da wasiƙarki ta zo na same shi yana wanke mota, na ce me ya sa ya ɓoye mini. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "To me zan ce miki? In ce rai a hannun Allah? A ina kika ga ana faɗa wa yarinya haka tana tsakiyar karatu?" Inna ta ce daidai ya yi, haka aka yi mata da mahaifinta ya kwanta. Su a ganinsu tausayina suka ji. Har yau ban sake cin abin da ya sayo ba.

Na riƙe gem ɗin ne don ina yi wa Chris wani aiki a ciki. Kin tuna yadda mai takobinsa ke fara faɗuwa kullum a gaban dodon ƙofa, saboda ya ƙi zaɓar kariya, wai matsorata ke yi? Na so in ba shi mamaki. Ban iya rubuta sauran ba. Na naɗe shi a ɗankwalina na sallah, wani direban Jos zai kawo miki.

Taki, Lauratu

Kafanchan, Yuni 1996

Lauratu,

Ya iso. Papa ya sayo sabon batir, Mama ta bar girki ta zo ta zauna, ita da ba ta taɓa kallonsa ba. Na kunna.

Ba ƙofar hasumiya ba ce. Wani gari ne a bakin ruwa da ban taɓa gani ba. Kin kashe dodon ke kaɗai, kin haye sama, kin wuce. Mai takobi yana sanye da sulke mai ƙaho, jininsa ya ninka nawa. Takobin katakon nan da Chris ya ƙi sayarwa tun garin farko, yana cewa na baban jarumin ne, na duba jaka sama da ƙasa, babu. Kin sayar kin sayi na ƙarfe. Wurin ajiya ɗaya ne a kaset ɗin, kin sani, kuma kin ajiye naki a kan nasa.

Mama ta nuna da yatsa ta ce, "Wannan ne shi?" Na ce i. Ta shafa gilashin. Ban taɓa yi mata ƙarya irin wannan ba.

Na yarda ba ki sani ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na so in samu wanda zan zaga, sai na ga ko mai baka tawa kin sake mata sabon baka.

Lovelyn

Gumel, Yuli 1996

Lovelyn,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da Baba.

Na je wurin Dogo mai gyaran rediyo na tambaye shi ko abin da aka goge a kaset irin wannan yana dawowa. Ya yi mini dariya, da ya ga fuskata kuma ya daina. Ya ce ba ya dawowa.

Ba zan ce ki yafe ba, don ban san yadda ake yafe irin wannan ba. Damina ta sauka. An ba wani ma'aikacin ruwa gidanku, ya rufe barandar da langa-langa. Bencin da muke zama a kai mu uku ma an ɗauke shi.

Ba sai kin ba ni amsa mai tsawo ba. Ko a baki ki faɗa wa direban, i ko a'a. Kin yarda in sake rubuto miki?

Lauratu