A Sauke Fuskata Daga Takardar Hayaƙin Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Wayar da Kan Jama'a kan Hayaƙi da Zafin Duniya,
Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, ina yi maka barka da samun sabuwar jiha. Kowa da abin da ya fara samu a cikinta. Ni ga nawa.

Sunana Garba Na-Gungu, mai bandar kifi a bakin ruwa a Yelwa. Ba sai na kwatanta kaina ba, domin ka san ni. Ni ne mutumin nan mai shuɗiyar babbar riga da ke murmushi cikin baƙin hayaƙi a takardar da kwamitinka ya lilliƙa daga tashar mota har bakin kasuwa. An ce har a Shanga da Wara an gan ni.

Na farko, yadda aka ɗauki hoton. Bayan Babbar Sallah jami'inka ya zo da mota da kyamara, ya ce gwamnati na son hoton mai sana'a. Na ɗauka injin jirgin ruwa za a raba, na ruga gida na sa rigar Sallah. Da ya dubi murhuna sai ya ɓata rai, wai babu hayaƙi. Ranka ya daɗe, banda mai kyau ai haka take: busasshen itacen ƙirya, wuta ƙasa-ƙasa, hayaƙi siriri mai ƙanshi. Ya ce hoton ba zai yi armashi ba. Muka zuba ɗanyar ciyawa, ya ce da saura. Direbansa ya ɗauko guntun tsohuwar taya ya jefa a wutar. Unguwa ta turnuƙe, jami'in ya ce in yi murmushi. Na yi, ina hawaye. Tarwaɗa kwando biyu ke kan murhun a lokacin, kuma har yau ko kyanwa ba ta sansana su ba. Motarsu kuwa a kunne take tun zuwansu har tafiyarsu, wai in an kashe ta sai an tura. Ita ba a ɗauke ta hoto ba.

Na biyu, jan layin da aka zana a saman kaina. Ya taso daga wajen ƙafata, ya hau, ya ɗan sauko, ya sake hawa har ya taɓo hulata, ga shekaru an jera a ƙasa. Maƙwabcina Malam Yohanna, malamin firamare, shi ya yi mini bayani. Ya ce hayaƙin ƙasar nan ne gaba ɗaya, na motoci da masana'antu da wutar da ke ci a wuraren haƙar mai, ake tarawa kowace shekara a raba kan mutane, a ga abin da ya faɗa kan kowa. Ya ce iskar kabon ake kiranta, kuma ba ta da alaƙa da ni fiye da kowa.

Na gode wa Malam Yohanna, amma shi kaɗai ne a Yelwa ya karanta ta haka. Sauran jama'a sun ga fuska, sun ga layi, sun haɗa. Tanko mai shayi ya manna takardar a jikin teburinsa, ya mayar da ita tarihin rayuwata. Da cokalin shayi yake nuna wa baƙi inda na gaji murhu, da inda na yi aure na gina na biyu. In ya kai wurin da layin ya sauko sai ya ce, "Ga shekarar da yak kwanta da kurkunu nan, kun ga duniya ta huta." Abin haushin, da muka lissafa, shekarar ta yi kusa. Yanzu in rana ta ƙwalle, masu wucewa kan leƙo su ce in rage wuta don Allah. Da ruwan shuka ya yi jinkiri, wani dattijo daga Birnin Yauri ya tako har gidana ya roƙe ni in ji tausayin manoma.

Wannan duk zan iya haɗiyewa, ai ni ma na yi wa wasu tsiya a teburin nan. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne na uku. Mama Nkechi, 'yar kasuwar da ke zuwa daga kudu tana kwashe kifina tun ina saurayi, ta ga takardar a tasha. Ta gane rigata, ta gane murhuna, ta kuma gane irin hayaƙin, domin ta san na roba in ta gan shi. Ta wuce rumfata ko kallo babu, ta sayi na wani, sauran matan kudu da suke zuwa tare suka bi ta. Mai banda ba shi da gona, ba shi da albashi, sunansa yake ci. Wallahi ranar na ji ciwo, na zauna gaban kifina, ƙurungu da karfasa masu kyau, har kasuwa ta watse. Za ta dawo idan ruwa ya ja baya, in takardar nan tana nan, na tashi daga sana'a.

Na huɗu, ɗan tsokaci ne. Ina yaro aka tashe mu daga gungunmu, wato tsibirinmu, ruwan Kainji ya shanye shi don a yi wutar lantarki. Har yau da aci-balbal nake duba kifi. Ban taɓa jin an raba wutar nan kan mutane an aiko mini da tawa ba. Sai da aka zo rabon hayaƙi aka tuna da ni, har da hoto.

Don haka ina roƙon abu uku. A sauke takardun nan kafin matan kudu su dawo. A turo jami'in nan ranar kasuwa, ya tsaya inda kowa zai ji, ya faɗi wanda ya jefa taya. In kuma dole sai an sa hoto a ƙarƙashin layin, motar kwamiti tana nan, ba ta buƙatar ɗanyar ciyawa. Tarwaɗar ranar na sa an ɗaure ta, za ta iso ofishinka a motar kasuwa. A raba ta kan ma'aikata, kowa ya samu abin da ya faɗa kansa.

Saura magana ɗaya, ita kuma roƙo ne na tsakani da Allah. Inna, mahaifiyata, ita ta koya mini banda, kuma ba ta karatu. Wani ya kai mata takardar, ta sa aka kafa ta a saman gadonta. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta nuna masa, ta ce, "Wanga ɗana na, gwamnati ta san da zama nai." Layin kuwa, cewa take yi arzikina ne ke hawa. Unguwa duka ta sani, har Tanko, kuma ba wanda ya taɓa gyara mata. In masu sauke takardu sun zo, su sauke na tasha da na kasuwa da na teburin shayi. Ta ɗakin Inna a bar mata, kuma kada a turo kowa ya wayar mata da kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aiki lafiya, ya kuma tsare ka daga mai kyamara ranar da ka sa rigar Sallah.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba Na-Gungu, mai banda,
Bakin ruwa, Yelwa.