Ja a Bodi

Ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara, kuma gwiwar nan ta yi sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kin ce in riƙa rubuto miki halin da Baba yake ciki, tunda a waya kunnensa na kanmu. To ga shi. Yau wata biyu da aka sallamo shi daga asibiti. Hannun dama bai motsa ba har yanzu, yana jan ƙafar, amma da sanda yana kai kansa banɗaki. Abinci yana ci sosai. Magana ce dai ta ƙi. Kalma biyu, uku, sai ya tsaya yana kallon mutum kamar mu muka ɓoye masa sauran.

Ban manta da yadda muka yi da ke ba. Idan hankalinsa yana nan daidai, ya zauna gidansa in ci gaba da kwana tare da shi. Idan babu, ki zo ki ɗauke shi ya koma wajenki, a rufe gidan da garejin. Kin ce ni nake ganinsa kullum, abin da na faɗa shi za a yi. Nauyin ya yi min yawa, amma na karɓa.

Yanzu ga sabon aiki ya ba ni. Kullum da safe sai na ajiye masa kujera a ƙofar gareji, ya zauna yana nuna Gwaggo da sandarsa. Ina nufin tsohon babur ɗin nan da ya haɗa da hannunsa tun ba a haife ni ba, injin wani, tankin wani, sirdi kuma Umma, Allah Ya jiƙanta, ta ɗinka masa fatar. Ke ce ma kika sa mata sunan, kika ce ya fi kula da ita a kan 'yan'uwansa na jini. Shekara tara ke nan tana lulluɓe da tsohon bargo. Na gane so yake ya ji ƙararta.

Na ce a raina aikin kwana biyu ne. Shekarata goma sha biyar ina rewaya, motocin da kwamfuta ke cikinsu ma ina kwance wayoyinsu in mayar, balle babur mai waya goma sha. Na wanke tanki da kafireta, na sa sabon filogi, na sayo sabon batir, tunda tsohon ke kika zubar lokacin da kika zo sharar gareji. Ina ɗaura batirin, fiyus ya ƙone. Na sa wani, shi ma ya bi shi. Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ja a bodi." Na yi dariya na ce to Baba, na ji. Akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri, gobe zan gano ta.

Ki gaishe min da maigidan da yara.

Ƙanenki,
Auta


Ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Na samu saƙon maganin shafawar, an gode, ana shafa wa Baba safe da yamma.

Wannan wasiƙar ba ta yi min daɗin rubutawa ba. Bari in fara da bayanin da ba ki nema ba, don ki gane inda na dosa. Batir kai biyu gare shi. Baƙar waya tana tashi daga ɗaya a ɗaure ta a ƙarfen jikin abin hawa, wanda muke ce wa bodi. Jar waya tana tashi daga ɗayan ta kai wuta makunni da koyil da fitila. Ja ba ta taɓa bodi, ko da wasa. Wanda ya yi kwana uku a sana'ar nan ya san haka, kuma Baba ya yi shekara arba'in a cikinta.

Kwana biyar na yi ina bin wayoyin Gwaggo ɗaya bayan ɗaya da mita. Fiyus bakwai na ƙona. Na cire fitilar gaba, na cire ham, na canja makunni, abin bai fasa ba. Da na ɗaga sirdi sai na ga jar waya an ɗaure ta tamau da noti a jikin bodi. Na leƙa cikin kwanon fitila, ga wata ita ma haka. Ba gogewa suka yi ba, da gangan aka ɗaure su. Babu mai taɓa Gwaggo sai Baba. Na tsaya ina tunanin watannin da ya yi shi kaɗai a garejin nan kafin ya faɗi, yana ce mana gyare-gyare yake yi.  Na ce ashe abin ya daɗe da fara taɓa masa kai, mu ne ba mu lura ba.

Na kwance wayoyin biyu yana kallo, yana ta maimaita maganar nan tasa, ja a bodi, ja a bodi. Fiyus ya sake ƙonewa. A nan haushi ya ɗebe ni na yi abin da nake hana wasu: na sa waya mai kauri a gurbin fiyus don in ga inda zai yi zafi. Nan take hayaƙi ya tashi daga ɗan ƙarfen da ke cajin batir, ya ƙone ƙurmus. Baba ya jefe ni da sandarsa, ta same ni a kafaɗa. Tunda nake bai taɓa duka na ba, kin sani. Sai kuma na ga hawaye a idonsa. Yau kwana biyu ke nan ba ya karɓar abinci daga hannuna, sai matar maƙwabci ta shigo ta ba shi.

Ina jin tausayinsa ƙwarai, Yaya, amma kin ce in faɗa miki gaskiya. Mutumin da ya koya wa rabin masu gyaran unguwar nan aiki, yau yana cewa a haɗa ja da bodi. A ganina hankalin ya tafi. Ki shirya masa ɗaki, ki zo ƙarshen wata. Zan fara haɗa masa kayansa a hankali ba tare da ya gane ba.

Allah Ya ba mu ikon yi masa abin da ya dace.

Ƙanenki,
Auta


Ranar Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan da yara, da fatan wannan ta riske ki kafin ki kira masu fentin ɗakin.

Ki dakata da komai. Ni ne na yi kuskure, kuma babba.

Shekaranjiya na ce bari in sauke tankin Gwaggo in tsiyaye man kafin a rufe gareji. A ƙarƙashinsa na ga jar waya ta uku, ita ma a ɗaure a bodi. Na sa sifana zan kwance, sai na ga koren fenti ya rufe notin da bakin wayar gaba ɗaya, ko tsagewa bai yi ba. Kin san fentin nan. Shi ne a hoton da ke bangon falo, wanda kike zaune a kan tanki babu haƙoran gaba. Wato tun kina 'yar shekara shida wayar nan take a wurin, kuma a haka Baba ya kai ki makaranta, a haka ya kai ni, a haka ya yi shekara ashirin da wani abu yana hawa. Na zauna a ƙasa da sifana a hannu na ma rasa abin da zan yi.

Na tafi wajen Mai Walda, abokin Baba na ƙuruciya. Da na gama bayani ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce irin waɗannan tsofaffin injinan a juye ake haɗa musu batir, kan da muke kai wa makunni shi ake ɗaurewa a bodi, kuma jar waya ce ke yin aikin. Ya ce da tsohon batirin yana nan da na gani da idona. Sannan ya tambaye ni sau nawa ubana ya faɗa min. Na ce ban ƙirga ba. Ya ce to in je in ƙirga, shi yana da aiki.

Kin ga duk fiyus ɗin da na ƙona, babu wata waya da ta goge. Ni ne nake haɗa batirin a baibai, sau takwas, Baba yana zaune yana faɗa min daidai da kalma ukun da suka rage masa.

Na dawo na durƙusa gabansa na ce Baba, ja a bodi, na gane.  Na ce masa saura abin cajin da na ƙona, na zagaya kasuwa babu mai irinsa. Sai ya ɗaga sanda ya nuna kantar sama, inda gwangwanayen madara suke jere, ya ce, "Uku." Na hau benci na sauko da na ukun. A ciki ga irinsa sak, sabo fil, a naɗe cikin tsumma mai mai. Takardar da ke jikinsa ta yi ja don tsufa. Ban san shekarun da ya yi a wurin ba, amma shi ya san a wane gwangwani yake.

Jiya da hantsi na mayar da jajayen wayoyin inda na same su, na ɗaura batir yadda ya ce. Fiyus ya zauna lafiya. Na ciro filogi na ɗora shi a kan inji na taka kik, ya ba da wuta shuɗiya tas. Na mayar na taka sau uku shiru, a na huɗu Gwaggo ta tashi, hayaƙi ya cika gareji, maƙwabta suka fito. Baba ya rufe ido yana saurare. Can ya ɗaga hannun hagu yana murza yatsu, wai in rage mata silo, wato gudun injin a tsaye. Na rage. Ya sake murzawa kaɗan, na ƙara ragewa, sannan ya gyaɗa kai. Kunnensa ya fi mitata.

Na roƙe shi gafara. Na kuma gaya masa abin da na rubuta miki, da kayansa da na fara haɗawa a ɓoye, don ban ga amfanin ci gaba da ɓoye masa ba. Daga nan na yi abin da ya kamata mu yi tun farko, ni da ke: na tambaye shi ko yana so ya koma wajenki. Ya ce, "A'a. Gidana." Wannan karon na yarda da shi. Bakinsa ne ya yi nauyi, Yaya, kansa lafiya lau. Har yanzu kunya nake ji idan na tuna saura ƙiris in fitar da shi daga gidansa don ya fi ni sanin aikina. Da rana ya karɓi abinci daga hannuna.

Ki zo ƙarshen wata kamar yadda kika shirya, amma ziyara, ban da motar kaya. Wasiƙata ta ranar Alhamis kuma kada ki yaga ta, ki taho min da ita in liƙa a wajen aikina inda zan riƙa gani.

Na ce masa ina rubuta miki, ko yana da saƙo. Ya yi ɗan tunani, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, ya ce, "Batir." Ya san wadda ta zubar masa da shi. Sai ki taho da shirin ba da haƙuri, ni na riga na ba da nawa.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Ƙanenki,
Auta