Farin Ido a Layi na Tara

Litinin. Aikin farko: sauya wa layi na tara kwalba.

Zuwa ga Dakta,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Daga littafin aikina na yago takardar nan, ki yi haƙuri da rubutun sama.

Laifi na zo faɗa. Da na sumar da ƙudajen na duba su a madubin ƙara girma, sai ga namiji ɗaya mai farin ido, alhali danginsa duk jajayen ido ne. Masu farin ido layinsu daban ne, a kantar ƙasa muke ajiye kwalabensu. Ke nan na bar audugar bakin kwalba a sake, baƙo ya shiga. Shekara sha ɗaya ina kiwon ƙudan 'ya'yan itace a ɗakin binciken nan ban gauraya layin zuriya da wani ba, sai yau, kuma a layin da kika yi shekara biyu kina sa wa ido. Na bi ƙa'ida, na saka sabuwar kwalbar a firiza, sanyi ya kashe su duka.

Ga abin da na rubuta: namiji, ido fari, fukafuki a naɗe.

Idan kin ce in ajiye aiki, ba zan ce an zalunce ni ba.

Naki mai biyayya,
Mai kiwon ƙuda

*

Malam,

Wa'alaikumus salam. Baba da sauƙi, har ya fara faɗa da nas.

Allah ya shirye ka, Malam! Sake karanta rubutunka. Fukafuki a naɗe! Na kantar ƙasa nasu a miƙe yake. Naɗewar alamar layi na tara ce, wannan ɗan gida ne. A cikin ƙwayoyin gadon ƙudan nan akwai wani guntu mai yawo, yana kwafar kansa ya liƙa kwafin a wani wuri. Wannan karon ya faɗa kan abin da ke ba ido launi, ya lalata shi. Shi nake jira duk shekarun nan, ka sa mini shi a firiza. Sai da na zauna a barandar asibiti na share hawaye.

Laifina ne. Ni na kafa ƙa'idar, kuma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka abin da muke nema ba. Kada in sake jin zancen ajiye aiki.

Tsohuwar kwalbar fa? Watakila akwai ƙannensa da ba su ƙyanƙyashe ba. Na san ni na ce a riƙa zubarwa. Don Allah ka ce mini ka saɓa.

A gaida gida.
Dakta

*

Zuwa ga Dakta,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da sauƙin Baba.

Na saɓa. Tun da na fara aiki nake ɓoye tsofaffin kwalabe a kwali bayan tukunyar dafa musu abinci, sai sun ƙara sati biyu, domin ban taɓa yarda da hannuna ba. Alhamis na duba, babu. Juma'a babu. Yau biyu suka fito, maza, ido fari, fukafuki a naɗe. Sau huɗu na duba, sannan na kira mai shara. Ta leƙa ta ce, "Malam, ni a wurina ƙuda ƙuda ne, amma waɗannan kam kamar an razana su."

Na gode da kika yi mini bayani. Yau na fara sanin abin da nake kiwo. Maiɗakina ta ce ita tana korar ƙuda daga kicin, ni ina dafa musu, a gaya miki yanzu ta yafe.

Allah ya saka da alheri, ya dawo da ke lafiya.
Mai kiwon ƙuda

Abin da ya rage na gobe:
ware wa mazan nan mata da sassafe
sabuwar auduga
wanke madubi
gaya miki akwai kwali na biyu a bayan ƙofa