Gwaggo Na Jiran Jika, Ni Kuwa Ƙiba Ce Kawai

Zuwa ga Inna Ummuhani,

Assalamu alaikum. Don girman Allah, Inna, ki taimake ni, ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da kin ga zancen nawa yana yawo. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, karatuna na lakwal, wato boko, ma bai yi nisa ba. Na roƙe ki kada ki sa sunana. Nan Zongon Parakou in kika yi tari a ƙuryar ɗaki, kafin la'asar an ji a kasuwa.

Ni matar aure ce, na kusa shekara talatin, har yau Allah bai ba ni haihuwa ba. Auren zumunci aka yi mana. Uwar mijina yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Djougou bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta goya ni, ita ta koya mini tuƙin tuwo, sannan ta haɗa ni da ɗanta aka kawo ni Parakou inda yake sayar da atamfa. Gwaggo nake ce mata. Kin ga ita ce uwa, ita ce kuma suruka.

Bara waccan jikina ya fara canzawa. Barci kamar kasa, ina tsinkar zogale sai in ji kaina ya faɗa cikin faifai. A tsakiyar bazara, jama'a na kwana a tsakar gida, ni ina ɗaki da bargo. Al'ada ta ɗauke ɗif. Fuska ta cika, ƙugu ya buɗe, zannuwana suka daina zagaye ni. Da muka je Djougou yawon Sallah, Gwaggo ta yi mini kallo ɗaya, ta yi murmushi, ta hana ni daka, ta hana ni ɗaukar tulu. Shi ke nan fa. Ba wanda ya ce uffan. Kin san halinmu, cikin fari ba a zancensa, balle a gaban suruka. Ni ma abin da na zata ke nan, kuma wallahi na yi murna, murnar da har yanzu in na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Watanni suka cika, suka wuce, shiru. Gwaggo ta ce ai ba komai, cikin kwanciya ya yi, wai haka ya faru da wata maƙwabciyarta, sai da ya shekara uku ya tashi ta haifi namiji. Daga nan ta shiga aiko mini da kaya ta hannun direbobin kamiyo, manyan motocin kaya: saiwoyi, rubutu, man shanu, cukun nan wagashi, da garin kunun kanwa ƙullin farko bai ƙare ba na biyu ya iso. Kowane saƙo kuma sai ta ce a gaishe mata da angonta mai barci. Jikan nata ke nan fa, Inna, har ta fara yi masa wasan kaka.

Ranar da barci ya kwashe ni a bakin murhu har gefen zanina ya kama wuta, maigidana ya ce a'a, ya kai ni asibiti. Likita ya duba ya ce babu ciki, bai ma taɓa shiga ba. Aka ɗebi jinina aka aika Cotonou. Da sakamako ya dawo ya ce wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo. Tawa ba ta kumbura ba, lalaci ta yi, ba ta aikin da ya kamata, shi ya sa komai na jikina ya yi sanyi. Ya rubuta mini wata 'yar ƙwaya, kullum ɗaya da safe, ya ce ƙila har iyakar rayuwata. Kukan da na yi a hanyar gida, Allah kaɗai ya sani.

To wa zai faɗa wa Gwaggo? Maigidana ya ce shi bakinsa ba zai iya buɗewa da irin wannan zance a gaban mahaifiyarsa ba. Ni kuwa ina! Sai ya kawo dabara, ya ce in dage da magani, jiki zai faɗa, Gwaggo za ta gani da idonta ta gane, ba sai an yi magana ba.

Da farko dabarar ta yi kamar za ta ci. Kumburin fuska ya sauka, zobena ya koma yatsa, barcin ya ragu, al'ada ta dawo, sikelin asibiti yana ta ja baya. Sai kawai ya tsaya cak. Tun kafin damina yake wuri ɗaya, tumbin nan kuwa yana nan daram. Na bar sakwarar dare, ni da ba na iya barci sai na ci ta. Ina takawa da ƙafa daga Zongo har Banikanni wurin wata ƙawata in dawo. Na tsiri azumin Litinin da Alhamis, matan unguwa suna ta yaba ibadata, ni kuwa na san don tumbi nake yi, wannan ma wata kunyar ce tsakanina da Ubangijina. Duk a banza. Ga wata ma'aikaciyar jinya mai bakin tsiya, in na hau sikeli sai ta ɗaga murya ta faɗi kilona da Faransanci, duk masu jiran layi su juyo. Na daina zuwa, a farmasi kawai nake sayen ƙwayar.

Bari in faɗa miki wanda ko maigidan bai sani ba. Na mai da ƙwayar biyu, don na ga ita ta fara rage ni. Yanzu ƙirjina bugawa yake fat-fat ko ina zaune, hannuna na rawa in na riƙe ludayi. Da kunun kanwar Gwaggo nake kora ta, don ba na iya zubar da abin da ta daka da hannunta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gwaggo ta aiko cewa da an gama haƙar doya za ta zo da kanta ta tafi da ni ƙauyen Sérou, wurin wata tsohuwa mai tayar da kwantaccen ciki, in zauna can ana ba ni jiƙo ana murza mini mara. Ta riga ta shaida wa dangi. Har ta ce in namiji ne sunan ƙaninta za a sa, wato mahaifina.

Inna, me zan yi tumbin nan ya tafi kafin ta iso? In ƙara ta uku? Ko in bi ta Sérou in sha jiƙon, bayan kwana biyu in ce ɓari na yi, kowa ya huta? Kunya za ta kashe ni.

Taki,
Mai sunkuyar da kai, Zongon Parakou

*

'Yata mai sunkuyar da kai,

Wa alaikumus salam. Ɗago kan, ba sata kika yi ba, ciwo kika yi.

Mu fara da abin da ba ya jira. Daga gobe ki koma ƙwaya ɗaya yadda aka rubuta miki, zancen ta uku kuwa kada in sake ji. Cikin makon nan ki koma wurin likitanki ki faɗa masa kin ninka, ki faɗa masa bugun ƙirjin da rawar hannun, kada ki rage komai. Ƙwayar nan ba maganin rage ƙiba ba ce, cikon abin da jikinki ya gaza yi ce, in ta yi yawa zuciya take wahalarwa. Shi zai sake auna jinin ya ga ko adadin ya yi daidai. Ki riƙa shan ta da ruwa zalla kafin ki sa komai a ciki, ki dakata kaɗan sannan ki karya. Kunu da nono da kanwa suna iya hana ta shiga jiki yadda ya kamata. Ma'aikaciyar nan kuma ki ce mata cikin ladabi ta rubuta a kati, ba shela kika zo ba.

Tsayawar sikeli ba alamar kin kasa ba ce. Yawancin abin da ya zube da farko ruwan kumburi ne, shi ya sa ya yi sauri. Wanda ya saura a hankali yake tafiya, ya tsaya, ya sake motsawa, wani ma ba zai tafi duka ba. Ki dubi abin da kika samu: kin farka, al'adarki ta dawo. Ki ci gaba da tafiyar Banikanni, ki ci sakwararki kaɗan da miyar ganye mai yawa, ki rage man shanu, amma ban da horon yunwa. Azumin nafila kuwa, in za ki gyara niyya ki yi, in ba haka ba ki ajiye shi har ki ji ƙarfi.

Sérou ba za ki je ba. Macen da al'adarta ta dawo tana iya ɗaukar ciki na gaske ba ta sani ba. Ban yi miki alkawari ba, wannan na Allah ne, amma ba a kai irin wannan jiki ga jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ƙaryar ɓari ta fi wannan muni. So kike tsohuwa ta zauna karɓar gaisuwar jikan da ba a taɓa halitta ba?

Ban ga laifin Gwaggo ba. Alamun da ta gani ke ma sun ruɗe ki, kuma ƙauna ce ta sa take daka miki gari. Maigidanki ma na fahimci nauyin bakinsa, ya kuma kyauta da ya kai ki asibiti. Amma dabararsa ba adalci a cikinta. Ya ɗora wa jikin mara lafiya aikin da baki ya kamata ya yi. Ko da kin rame kamar sillen kara, Gwaggo cewa za ta yi cikin ya ƙara lafewa.

Kunya tana da hanyarta, wato tura manzo. Ki zaunar da maigidan ki faɗa masa har zancen ninka ƙwayar, don ya san inda shirun nan ya kai ki. Ya shirya ya tafi Djougou kafin a gama haƙar doya, ya sami wata dattijuwa sa'ar Gwaggo wadda take jin maganarta, ya yi mata bayani, su shiga tare. Maganar gajeriya ce: an duba, ba ciki ba ne, ciwo ne, yana da magani, kuma tana samun sauƙi. Dangi za su yi surutu na kwana biyu su koma harkarsu.

Gwaggo za ta yi kuka, ƙila ta yi fushin an ɓoye mata, ki bar ta ta yi, tana da haƙƙi. Amma ki tuna kafin ta zama surukarki uwarki ce. Tana can tana hidimar jikan da babu shi, alhali 'yarta ta sha ciwo har wuta ta kusa cin ta, ita ba ta da labari. Kada ki ƙara hana ta jinyarki.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar Gwaggo, ya ba ku rabo mai albarka a lokacin da ya fi alheri.

Innarki,
Ummuhani